Roƙon tallafi don yi wa ajujuwan da Baba ya fara rufi

Daga kwamitin gini na ikilisiyarmu da ke Kakuri, Kaduna

'Yan'uwa cikin Almasihu, iyayenmu na Zumuntar Mata da Zumuntar Maza, matasa, da maƙwabtanmu na unguwa, muna gaishe ku cikin salama.

Yau wata uku ke nan da muka raka Baba makwancinsa. Ba sai mun kama suna ba. Duk wanda ya taɓa yin sujada a nan ya san dattijon da makullin coci ke hannunsa, mai zuwa tun da sassafe a kan kekensa ya share farfajiya kafin mawaƙa su iso.

Yana saurayi ya baro ƙauyensu a kudancin jiha ya zo neman aiki, a zamanin da Kakuri ke tashe. Tun da aka buɗe masaƙa ta farko a nan a 1957, wasu suka biyo baya, unguwar ta zama ta ma'aikata: masu aikin safe na shiga, masu aikin dare na fitowa da ƙurar auduga a gashin kansu. A sashen saƙa Baba ya yi aikinsa, har ƙarar injin ta taɓa masa kunne. Shi ya sa kullum a bencin gaba yake zama. Da yawa cikinmu mun girma muna zaton al'adar dattawa ce, ashe don ya ji wa'azi ne. Ranar albashi kuwa, zakka yake fara cirewa, sai kuɗin makarantar yara, sauran ya danƙa wa Mama. Da wannan albashin ya riƙe 'ya'yansa da marayun ƙanensa a gida ɗaya, baƙo ba zai iya bambanta su ba.

Daga 2002 zuwa 2007 manyan masaƙun suka yi ta rufewa. Rashin wuta, tsadar baƙin mai, da atamfar fasa-ƙwauri suka durƙusar da su. Baba ya koma noman rani a bakin kogin Kaduna, da dare kuma yana gadi. Abin da ya fi damunsa a lokacin shi ne yaran tsofaffin abokan aikinsa da aka daina kai wa makaranta, suna ta gararamba a titi. Sai ya sayi alli, ya shafa wa wani falle na katako baƙin fenti, ya tara su ƙarƙashin mangwaron bayan coci yana koya musu karatu da lissafi. Bai taɓa tambayar yaro addinin gidansu ba, kuma wannan a garin da rikicin 2000 ya raba unguwanni. Daga baya iyayenmu mata ma suka riƙa zuwa da yamma don su iya karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa da kansu. Mai rubuta wannan takarda, a gindin mangwaron nan ya fara haɗa baƙaƙe.

Burinsa shi ne yaran su samu ɗaki. Duk watan da ya samu sarari sai ya sayi buhun siminti ɗaya a buga bulo. A haka ajujuwa biyu suka tashi har linta. Nan ƙarfinsa ya tsaya, ciwo ya kwantar da shi. Damina biyu ta sauka a kan bangon, ɓangaren gabas ya fara tsagewa, kuma magininmu ya gargaɗe mu cewa in ta uku ta same shi babu rufi, sai an rushe wani sashe.

Iyalinsa ne suka fara. Mama ta roƙi kada a yi dafe-dafen tunawa da shi, a sa kuɗin a ginin, kuma 'ya'yansa sun riga sun sayi katakon rufi. Mun ji kunya ƙwarai da ya zama gwauruwa ce ta riga mu.

Abin da ya rage shi ne kwanon rufi da ƙusoshi, siminti da yashi na filasta da daɓe, ƙofofi da tagogi, sai bencina. Muna so a ɗora kwanon kafin ruwa ya sauka a watan Afrilu, sauran aikin ya biyo baya. Mai bandir ɗin kwano ya kawo, mai buhu ɗaya ya kawo, mai kuɗin ƙusa kilo ɗaya kada ya raina. Kafintoci da magina da ke cikinmu, kwana ɗaya na aikinku babban baiko ne. Yaran mangwaro da yanzu kuke aiki a Abuja, Legas ko ƙasar waje, da ku muke musamman.

A miƙa gudummawa ga ma'ajin kwamiti bayan sujadar Hausa ko ta Turanci, a karɓi rasit. Kaya kuma a kai ofishin coci. Za a karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe a gaban ikilisiya kowace Lahadin ƙarshen wata. Ranar Asabar mai zuwa akwai aikin gayya da ƙarfe bakwai na safe don kwashe ciyawa da gyara bangon da ya tsage. Matasa a zo da shebur da kwanon ɗiban yashi.

Ubangiji ya sāka muku.

Sakatare, a madadin kwamitin gini