Halina ne ya gajiyar da ni, ko yawan aiki?

Assalamu alaikum, Likita. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman shawararka a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Zariya, kuma tun ina yaro Allah ya yi ni da son tunani. Idan tambaya ta gagare ni, nakan kwana da ita a rai, in tashi da asuba in sake gwada ta a bayan tsohuwar takardar jarrabawa, kuma daɗin da nake ji idan ta warware ba shi misaltuwa. Saboda wannan halin na zaɓi koyarwa. Amma tun daga zangon karatun da ya wuce aikin ya fita daga raina. Nakan tashi da safe jikina a mace ko da na yi barci, in shiga aji cike maƙil da ɗalibai in riƙa ganinsu kamar kaya aka ɗora mini, kuma idan yaro ya ɗaga hannu da tambaya mai kyau, wadda a da zan ajiye alli mu bi ta tare har a kaɗa ƙararrawa, yanzu sai in ce masa ya duba littafi. Wannan shi ya fi komai yi mini ciwo.

Na karanta cewa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan matsananciyar gajiya a matsayin matsalar da ke tasowa daga matsin aiki mai tsawo, ta kuma ba ta alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, ƙosawa da aikin, da jin cewa mutum ba ya iya taɓuka abin kirki. Duka ukun ina ganinsu a kaina. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tun da John Cacioppo da Richard Petty, masana halayyar ɗan Adam a Amurka, suka fitar da ma'aunin son tunani a 1982, binciken da ya biyo baya ya fi nuna cewa masu jin daɗin tunani sukan fi iya tunkarar matsala su warware ta, yayin da masu saurin damuwa da zulumi suka fi faɗawa cikin wannan gajiya. To ni ina cikin kashi na farko, kuma ga shi na gaji.

Ina zargin cewa tunanin nawa ne ya sauya hanya. A da lissafi nake juyawa a kai, abin da ke da amsa. Yanzu kuwa maganar da shugaban makaranta ya faɗa a ɗakin malamai nake ta tufka da warwara a kanta har tsakar dare, ko in riƙa tuhumar kaina a kan ɗaliban da suka faɗi jarrabawar WAEC. Ga shi ba na iya miƙa aiki sai na tabbatar babu kuskure ko ɗaya, don haka takardun da abokin aikina ke gama dubawa kafin la'asar, ni sai in kai su gida. Albashinmu ɗaya, darussanmu ɗaya, amma shi hankalinsa kwance, kuma ba na ganin ya fi ni rashin kula da yara.

Likita, ta yaya zan bambanta tunani mai amfani da saƙe-saƙen da ke cinye mini barci, alhali duka biyun daga wuri ɗaya nake jin suna fitowa? Ana cewa hali zanen dutse ne. Shin akwai abin da mutum irina zai iya gyarawa a halinsa, ko kuwa nauyin aikin ya kamata in nemi a rage mini? Iyalina suna ba ni shawarar in yawaita addu'a in huta, kuma ina yi, amma ina so in san matakin da ya wajaba in je asibiti in ga likitan ƙwaƙwalwa. Ba na son barin koyarwa, domin har yanzu ina ƙaunar yaran nan.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira.

Naka,
Wani malamin lissafi, Zariya