Kwamitin kifi a majalisa: ina ƙarfinsa yake?

Edita,

Ka ba ni fili in yi bayani kan wani kwamiti da ba a cika damuwa da shi ba a majalisun dokoki, wato kwamitin harkar kamun kifi. Da yawa na zaton shi ke ba da lasisi ko ya yanke tan nawa za a kama a shekara. Wannan aikin minista ne da ma'aikatarsa. Abin da ke hannun kwamiti shi ne gayyato mutum ya ba da shaida, neman takardu, tace ƙudirin doka sashe-sashe, da bin kasafin ma'aikatar kafin majalisa ta amince.

A kasafin nan ake gane kwamitin da ya san aikinsa. Idan aka nemi kuɗin sintiri, kada a tsaya kan jimla. A tambaya: jiragen sintiri nawa ke aiki, nawa ke kwance a tasha, kwana nawa suka yi a kan ruwa bara, jiragen kamun kifi nawa suka tare, nawa ne maganarsu ta kai kotu? Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta ba ƙasa iko da kifin da ke cikin mil 200 daga gaɓarta, amma jirgin da babu mai a tankinsa ba ya tsaron ko mil ɗaya.

Sai ƙa'idojin da minista ke sa wa hannu, waɗanda galibi ke wucewa ba a karanta ba. Can ne girman idon raga yake, da watannin hana kamu lokacin da kifi ke zuba ƙwai, da nisan da manyan jirage za su bar wa masu kwale-kwale. A rage idon raga kaɗan, sai a riƙa kwashe ƙananan kifi tun ba su hayayyafa ba. Bana a ga kamu ya yi kyau, bayan ƴan shekaru a jefa raga ta fito wayam.

Don haka wajibi ne kwamiti ya ce a ajiye masa takardu biyu kusa da juna: adadin kifin da masana suka ba da shawarar a kama, da adadin da minista ya amince. In akwai tazara, ya zo ya yi bayani da bakinsa. Kanada ta ɗanɗana kuɗarta a nan. Ƙananan masuntan Newfoundland, a gabashin ƙasar, sun daɗe suna kukan kifin kod na ƙanƙancewa, lissafin hukuma kuwa na nuna akwai shi da yawa. A Yulin 1992 minista John Crosbie ya rufe kamunsa, mutum wajen 30,000 suka rasa abin yi.

Raunin kwamiti shi ne rahotonsa shawara ce kawai. A majalisar wakilan Kanada ana iya neman gwamnati ta amsa cikin kwana 120, amma wata huɗu sun isa kakar kamun kifi ta buɗe har ta rufe. Shi ya sa ya kamata a yi zaman sauraron jama'a kafin a bayyana adadin shekara, kuma a biya wa ƙananan masunta kuɗin mota su zo. Manyan kamfanoni dai ba sa buƙatar tuni. Lauyoyinsu kan riga kowa zama a ɗakin.

Naku,
Mai bibiyar harkar su