Sokawe da Rijiya a Fuloti Ɗaya: Kira ga Magina da Masu Gidaje a Katsina

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a wannan jarida domin jan hankali kan yadda ake gina sokawe a sababbin unguwannin Katsina, saboda abin da ke shiga ramin nan shi ne ke komowa cikin randar ruwan gida.

Abin da yawancin magina ke kira sokawe rami ne guda, a jera bulo da ramuka a gefe, a bar ƙasan ba daɓe, a zuba silaf a sama. Bahaya ɗanye ke sauka ciki. Ƙasarmu kuwa jigawa ce, ruwa na ratsa ta da sauri. Idan rijiya ko burtsatse na nan kusa, da damina ta kankama ruwan ƙasa ya ɗago, ƙwayoyin taifot da na amai da gudawa sun samu hanya. Ba a manta da 2021 ba, shekarar da aka samu fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, Jihar Katsina na cikin wuraren da abin ya taɓa.

Aikin ƙwarai kashi biyu ne. Da farko tanki rufaffe, a daɓe ƙasansa da kankare, a yi masa filasta ta ciki yadda ba zai yi yoyo ba. Ga gida mai mutum goma, tsawo ƙafa 8, faɗi ƙafa 3, zurfin ruwa ƙafa 4 ya wadatar. Lita 2,700 ke nan. A raba shi ɗaki biyu, na farko ya ɗauki kashi biyu cikin uku na tsawon, a bar ƙofar wucewar ruwa a tsakiyar bangon. Bututun shiga da na fita inci 4, kowanne a sa masa mahaɗi mai siffar T, na fita ya yi ƙasa da na shiga da inci 3. Wannan T ɗin shi ake yawan tsallakewa don rage kuɗi, alhali shi ke hana maiƙo da kumfar sama ficewa. In babu shi, ƙazantar kan bi ruwa ta toshe 'yan ƙofofin da ƙasa ke tsotse ruwa ta cikinsu a rami na biyu, sai a ga sokawe ya cika cikin shekara guda, wari ya tashi, a ce wai ramin ya yi ƙanƙanta.

Rami na biyu shi ne sokawe na gaskiya, ruwan da ya kwanta kaɗai ke zuwa can. Ƙasansa ya kasance aƙalla ƙafa 5 sama da inda ruwan ƙasa ke tsayawa a watan Agusta, kuma tsakaninsa da kowace rijiya, har ta maƙwabci, ƙafa 100. A garuruwan gaɓar teku irin na Legas da Bayelsa ruwa na nan dab da doron ƙasa, dole sai an tara yashi an yi matatar a sama. Mu Allah ya ba mu zurfi. Matsalarmu ƙanƙantar fili ce: a fuloti ƙafa 50 sau 50 ba inda za a samu wannan tazara. Don haka sai mai unguwa ya zaunar da maƙwabta tun kafin a fara haƙa, a mayar da ramuka gefe guda, a haɗu a rijiya ɗaya a nesa.

Kada a jefa leda, famfas ko audugar mata, kada kuma a riƙa tuttula izal ko baƙin mai, domin suna kashe ƙwayoyin da ke narkar da bahayan. Duk shekara a zura sanda cikin tankin. Idan laka ta kusa rabin zurfin ruwa, a kira motar kwasa. Kada kowa ya shiga ciki, iskar da ke wurin tana kashe mutum nan take.

Inda motar za ta juye ma abin dubawa ne. Juyewa a kududdufi ko kwatami na kai shi ga lambunan latas da kabeji da ake ci ɗanye. Muna roƙon gwamnatin jiha ta ware fili a bayan gari a haƙa tafkuna uku a jere: mai zurfin mita 3 don laka ta kwanta, sai mai mita 1.5, sai mai mita 1 inda rana ke kashe ƙwayoyin cuta. Ba su buƙatar wutar lantarki, sai shinge, mai gadi da yanke ciyawa a gefe don sauro. Hukumar tsara birane kuma ta riƙa neman a nuna wurin tanki da rijiya a zanen gida kafin ta ba da izinin gini.

Wassalam.

Wasu injiniyoyin ruwa da magina,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.