Zuwa ga Babana a Berlin, kan maganar kiɗan nan

Assalamu alaikum Babana,

Ya sanyi ya karatu? Mu dai Alhamdulillah, Ummanka na gaishe ka, ƙannenka ma haka. Naga saƙonka tun ran Laraba, ba fushi ne yasa nayi shiru ba, so nayi in saurari kiɗan teknon da ka turo tukuna kafin in ce komai, kuma na saurara har sau uku bayan isha'i. Ba baiti ba amshi, duka ɗaya ne kawai yake ta maimaita kanshi ga wani gurnani can ƙasa, Ummanka tana jiyowa daga ɗaki tace injin niƙa aka tayar. Ni kuwa nan take na gane shi, dan shekara 27 nayi cikin ɗakin injina a tashar wutar lantarki, wannan rugugin da ƙirji ke riga kunne ji na san shi sarai, da ka ce min gidan rawan nan da ka shiga, Berghain, da aka buɗe a 2004 tsohuwar tashar wuta ce sai da nayi tagumi.

Na bi tarihin da ka bani na kuma karanta da kaina. Samari baƙar fata ne a Detroit ta Amurka suka faro tekno wajen shekarun 1980, su Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, lokacin da masana'antun mota na garin ke durƙushewa, da 'yan injinan kiɗa na kamfanin Roland a ɗakunansu. Da katangar Berlin ta faɗi a 1989 aka samu gine-gine kango a gabashin birnin, yara suka cika su, har aka buɗe gidan rawa na Tresor a 1991 cikin ma'ajiyar kuɗi ta wani tsohon kanti a ƙarƙashin ƙasa, a 2024 kuma Jamus ta saka teknon Berlin cikin jerin al'adunta na gado. Dan haka bazan ce maka shirme bane, akwai fasaha a ciki. Abin da ya fi taɓa ni ma shine da kace tunda kaje ƙasar nan, cikin duhun nan ne kaɗai ba wanda ya kalli fatarka ko ya tambaye ka daga ina kake. Wallahi ban san kaɗaici ya kai ka nan ba, kuma naji daɗi da ni ka faɗa wa.

Amma Babana wurin dai ban yarda da shi ba, bazan ɓoye maka ba. Giya, ƙwaya, tsiraici, kai ma ka gani da idonka ka kuma san hukuncinsu tun kana islamiyya. Sai dai shekararka 22, daga Kaduna bazan iya riƙe maka ƙafa ba, magana ce kawai nake da ita.

Kiɗan da ake maimaitawa ba ƙaƙƙautawa mu ba baƙonmu bane, duk wanda ya taɓa ganin masu garaya a wasan bori ya san yadda duka ɗaya ke raba mutum da hankalinsa. Ga duhu ga hayaƙi, Berlin kuma tun 1949 ba ta da dokar lokacin rufe irin wuraren nan, shi yasa ake shiga daren Asabar wasu sai Litinin da safe. Kace ka shiga ƙarfe ɗaya ka fito tara na safe, toh asuba ina ta shiga? Ba sai ka amsa min ba, ka amsa wa kanka.

Sannan ka sani jikin ɗan Adam baya rawar awa goma sha da ƙarfin kanshi, da yawa cikin waɗanda ka gani basa gajiya wani abu suka sha. Akwai wanda suke kira G, ruwa ne ba launi, ɗan ƙari kaɗan ya isa ya sumar da mutum, in ya haɗu da giya numfashi ma yana iya tsayawa, kuma ana iya ɗiga shi a abin shan wani bai sani ba. Ko ruwa ne ka buɗe da hannunka, in ka ajiye ka juya baya ka barshi kawai. In wani ya faɗi a gabanka kar ka tsaya tsoro, ka kira 112, lambar agajin gaggawa. Kar kuma ka riƙe wa kowa komai a aljihu ko waye shi, bizar ɗalibi gareka, abokinka Bature in an kama shi gidansu yana nan, kai karatunka ne a kan layi.

Maganar da na fi kowa sani kuwa ita ce ta kunne. Kunnena na hagu yau shekara fiye da goma baya shiru, wani siii yake dare da rana, cikin sujada ma ina jin shi, kuma kana ganin yadda nake juyo da na dama in ƙannenka na min magana. Lokacin da muke samari ana bamu abin toshe kunne muna sawa a aljihu dan muna ganin ragwanci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tace sauti mai desibel 80, wato ma'aunin ƙarfin ƙara, kunne na iya ɗaukar awa 40 a sati, amma in ya kai 100 kusan minti 20 ne kawai a satin gaba ɗaya, kulob kuwa yana kaiwa 100 ɗin, kai kuma awa takwas kayi. 'Yan ƙwayoyin gashin da ke can cikin kunne in suka mutu basa sake tsirowa, ba maganin da ke dawo da su. Ƙarar da kace kaji washegari har ta hana ka bacci gargaɗi ne, nawa ma haka ya fara yana zuwa yana tafiya, ran nan yazo ya zauna. Dan Allah gobe ka shiga kemis ka sayi abin toshe kunne, akwai irin na makaɗa da ke rage ƙara ba tare da ɓata sautin ba, kuma kar ka tsaya kusa da sifika.

Kace kana son koyon haɗa kiɗan a kwamfutarka. Wannan ɗin a ɗakinka ne, da rana, da hankalinka, ka faɗa min kuɗin manhajar in turo ƙarshen wata, in ka haɗa na farko ka turo min in ji. Ka kuma nemi 'yan uwa a masallacin da kake Juma'a ko da shayi ne ku dinga sha tare, zaman kai kaɗai ɗin nan shi ya fi damuna.

Ka kira ran Lahadi bayan la'asar ɗinmu, Ummanka ta haɗa maka yaji da kuka tana son jin wa zai taho. Allah ya tsare min kai, Allah ya maka albarka.

Mahaifinka.