Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ilimi kan darasin hana bauta

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Tunda an dawo da darasin tarihi makarantu, muna roƙon a sake duba babin hana bauta. Abin da ɗalibi ke haddacewa bai wuce Wilberforce, ɗan majalisar Ingila da ya yaƙi cinikin bayi, da dokokin Ingila na 1807 da 1833 ba. Ta farko fataucin bayi ta hana. Ta biyu ta 'yanta bayi a yawancin ƙasashen da Ingila ke mulka a lokacin, aka biya iyayengiji diyyar fam miliyan 20, bayin kuwa ko anini. Babu wadda ta taɓa rinjin Kano ko na Zazzau, wato ƙauyukan da bayi ke noma wa iyayengijinsu.

Namu labarin daga 1901 ya soma. Dokar Gwamna Lugga ta hana kai hari don kama bayi, ta hana sayar da su, ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar ɗa ne, ba bacucane ba. A Kano ma sai da Turawa suka ci garin a 1903 sannan cinikin bayi ya tsaya a kasuwar Kurmi. Wanda yake bawa tun da fari kuwa ba a sallame shi ba, don Turawa na tsoron rinjoji su watse, noma ya durƙushe, sarakuna su juya musu baya.

Sai aka bar wa bawa hanyar kotun alƙali: a yanke kuɗin fansarsa, ya biya kaɗan-kaɗan, a ba shi takardar 'yanci. A nan malamai ke yawan haɗa murgu da fansa. Murgu shi ne abin da bawa ke ba ubangijinsa don ya bar shi ya yi sana'arsa, fansa kuwa kuɗin sayen kai ce. Biyan kan ɗauki shekaru, ga haraji a kai. Wanda ya gudu ba ya samun gona cikin sauƙi. Mata sun fi shan wuya: namiji ya biya fansar baiwa, ya mayar da ita ƙwarƙwara, a rubuta an 'yanta ta. Haka aka yi ta jan ƙafa har 1936, da doka ta soke bauta baki ɗaya a Arewa.

Muna roƙon a umarci hukumar NERDC, mai tsara manhajar karatu, ta ware wa shekarun 1901 zuwa 1936 darussa uku a ƙaramar sakandare. A ɗauko kwafin shari'o'in fansa daga gidan adana takardun tarihi na Kaduna, a shafe sunaye, ɗalibai su karanta da idonsu. Sunayen nan wajibi ne a shafe su, domin jikokin mutanen suna cikin aji, kuma har yau ana gorin asali wajen neman aure. A kuma ja kunnen malamai kada su tambayi yaro asalin gidansu.

Wassalam,
Wasu malaman tarihi daga Arewa