A duba ma'aunin da kyau kafin a yi fushi da shi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Duk shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jerin ci gaban ƙasashe, sai a ga Nijar can a wutsiya, sai majalisun shayi na Maraɗi su ɗauka cewa Turawa ne ke son ɓata mana suna. Ni dai ban yarda ba. Ma'aunin nan abu uku yake dubawa: tsawon rai, karatu da abin shiga aljihu. Ba ruwansa da uraniyom ɗin Arlit da ake haƙa tun 1971, ko matatar mai ta SORAZ da ke Damagaram, sai in kuɗin sun iso tukunyar talaka.

Muna da abin nunawa. Tun 2006 aka yafe kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, mutuwar yara kuma ta ragu ƙwarai. Duk uwar da ta haihu kafin lokacin ta san bambancin. Sai sassaben zamani, wanda daga nan jihar Maraɗi ya fara a shekarun 1980. Manomi ya bar kututturen gawo da kalgo su tofo a gonarsa, ya riƙa gyara musu rassa. Da haka aka farfaɗo da ƙasa kusan hekta miliyan 5, ba da wani tulin kuɗi ba. Har daga ƙasashen waje ake zuwa koyo.

Inda muke ciwo shi ne makaranta. Ban manta Nuwamban 2021 ba, da gobara ta cinye azuzuwan zana a garin nan, yara fiye da 20 suka rasu, Allah ya jiƙan su. Har yau akwai yaran da ke karatu a rumfa, damina na sauka a watse. 'Ya mace kuwa, uku cikin huɗu ana aurar da su kafin shekara 18, jiharmu ce ma a gaba. Wannan ba baƙo ya yi mana ba.

Wutar lantarki kuma, da Najeriya ta yanke a Agustan 2023, kowa ya gane a bakin wa muke ci.

Yanzu ɗanyen man Agadem yana bin bututu har gaɓar tekun Benin. Roƙona, Malam Edita, ku aika wakilinku Dakwaro ko Mayahi ya ƙirgo mana azuzuwan zana nawa aka mayar na siminti tun da aka fara sayar da man.

Naka,
wani tsohon malamin makaranta, unguwar Zariya, Maraɗi