Godiya ga Hajiya da ma'aikatan ofishinta na inshora a Houston

Assalamu alaikum.

Hajiya, ranki ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da yaran ofishinki baki ɗaya, na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne saboda 'yan'uwanmu da ke Houston da kewaye sun fara sayen ƙananan jiragen ruwa na shaƙatawa, irin waɗanda ake ɗorawa a kan 'yar tirela a ja da mota. Da yawansu ba su san akwai ofishin da za a zaunar da mutum a yi masa bayanin inshora dalla-dalla da harshen gida ba. Ni na je, na ga amfaninsa, kuma yabon gwani ya zama dole.

Jirgin nawa ba wani babba ba ne. Ƙafa 18 ne, na hannu, da inji mai ƙarfin doki 115 rataye a baya. Na saye shi don mu riƙa fita fatsa da yara a tafkin Conroe, wani lokaci kuma mu gangara Galveston da ke bakin teku. Da na shigo wurinku, abin da ke bakina ɗaya ne: a ba ni mafi araha. Dokar Texas ba ta tilasta wa mai jirgi yin inshora ba, kuma ba bashin banki na ci na saya ba balle a ce banki ya matsa mini. Ke da kanki kika fara faɗa mini haka, tun kafin in zauna sosai. Mai neman ciniki kawai ba zai buɗe magana da cewa abin da yake sayarwa ba dole ba ne.

Daga nan sai tambayoyi. Ina jirgin yake kwana, cikin gareji ko a fili? Wa da wa ke tuƙa shi? Mutum nawa nake ɗauka? Ruwan daɗi kaɗai nake shiga ko har da na gishiri? Wace mota ce ke jan sa? Yaron nan naku da ke teburin hagu, wanda ke ce mini Kawu, shi ya ce in aiko hoton lambar jikin jirgin, wadda ke bugge a baya ta gefen dama mai haruffa da lambobi 12, da lambar inji, da ta tirela. Ya nuna mini cewa a Texas hukumar kula da wuraren shaƙatawa da namun daji ce ke ba da takardar mallakar jirgi, inji kuma da tasa takardar daban, alhali rajistar tirela a ofishin haraji na gunduma ake yin ta kamar ta mota. Ya ce tunda hukuma ta raba su, mu ma mu tabbata an rubuta kowanne da ƙimarsa a cikin takardar inshora. Kada ɓarayi su yi awon gaba da tirela kaɗai a bakin tafki ranar da mutum yake can cikin ruwa, sannan a zo ana neman sunanta a takarda a rasa.

Kin sa na kawo takardun inshorar gidana da ta motata, kika shimfiɗa su a tebur, kika bi su da biro. A ta gida kika nuna mini layin da ya ce duk abin da za a biya kan jirgin ruwa da tirelarsa da injinsa bai wuce dala 1,500 ba, kuma ɓarnar iska ko ƙanƙara sai idan yana cikin gini rufaffe. Nawa kuwa a gefen gida yake kwana, da tamfol a kansa. A ta mota kika ce idan ina jan tirela ta kwance ta daki motar wani, inshorar motata ce za ta biya mai waccan motar, amma ba za ta gyara mini jirgi ko tirela ba ko da kwabo. Sannan kika ja hankalina kan cewa mafi ƙarancin abin da dokar Texas ta nema a inshorar mota, dala 30,000 ga mutum ɗaya da ya ji rauni, 60,000 ga hatsarin gaba ɗaya, 25,000 ga dukiya, bai kai ya kawo ba ga mai jan kaya mai nauyi a kan babbar hanyar I-45 ranar Asabar. Motocin da ke bin hanyar nan, ɗaya kawai ta isa ta cinye 25,000 ɗin.

Inda kika fi daɗewa, kuma inda na fi gode miki, shi ne maganar haƙƙin mutane. Ni hankalina yana kan jirgin: kada a sace, kada ya fashe. Kika ce, "Alhaji, jirgin nan ko ya nutse gaba ɗaya, ka san iyakar asararka. Amma ɗan maƙwabcinka da ka ɗauka, idan farfela ta same shi a ƙafa, wa ya san iyakar kuɗin asibiti a ƙasar nan?" Na yi shiru. Ni mutumin Yawuri ne, a bakin Kwara na tashi, kuma na san yadda gari ke kwana idan kwale-kwale ya kife da mutane. Sai dai ban taɓa haɗa wannan da takardar inshora ba sai ranar. Kika ba ni shawara in ɗaga kason biyan diyyar wasu zuwa dala 300,000, in ƙara da kuɗin magani na waɗanda ke cikin jirgin ko da laifin ba na kowa ba ne, da kuma kariya idan wanda ya buge ni ba shi da inshora. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci a jihar da ba a tilasta wa kowa ba. Abin mamaki, ƙarin da wannan duka ya jawo a kuɗin shekara bai taka kara ya karya ba.

Na tambaye ki batun takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, domin abin yana raina. Ba ki yi mini fatawa ba, ba ki kuma yi mini kwana-kwana ba. Kin ce a cikin kamfanonin da kike hulɗa da su babu mai irin wannan tsari na jiragen ruwa, in je in tambayi malamina in dawo, ba za ki riƙa buga mini waya kina tuni ba. Haka aka yi. Na dawo da ƙafata, da natsuwar zuciya.

Sai batun ƙimar jirgin. Kin ajiye mini hanyoyi biyu. Ɗaya, a yarda tun yanzu cewa jirgin kaza ne kuɗinsa, a rubuta, idan ya salwanta gaba ɗaya wannan adadin za a biya. Ɗayar kuma, a bari sai ranar asara a kimanta abin da ya kai a kasuwa bayan an cire tsufa. Ta biyun ta fi sauƙin kuɗi, kuma ba ki kushe ta ba; kin ce ga tsohon jirgin da darajarsa ba ta da yawa, ita ce daidai. Amma nawa injinsa bai daɗe ba, kuma rabin kuɗin jirgin a injin yake. Muka tsaya a kan dala 22,000 a rubuce. Kika ƙara da gargaɗin da ban ji shi a wani wuri ba: ko da an yarda da ƙima, idan ɓarnar ba ta gaba ɗaya ba ce, wasu kamfanoni suna cire tsufa a kan abubuwa irin su rumfa, kujeru, batir da inji. Kika buɗe shafin da ya faɗi haka a takardun kamfanoni biyu, muka gwada su gefe da gefe, na zaɓi wanda ya fi sassauci.

Akwai abin da na so in saya kika hana ni. Na so in ƙara kariya ta musamman ga kayan fatsa, kika ce in lissafa su. Da muka lissafa, abin da ke cikin takardar tun asali ya ishe su. Haka ma rangwamen da ake yi wa mai jingine jirginsa watannin sanyi. Na ji ana maganarsa na yi kwaɗayi, kika ce wannan na mutanen arewacin Amurka ne da tafkunansu ke daskarewa. Mu nan da rana ta fito a Janairu sai ka ga mutum ya ƙulla tirela, kuma wanda ya yi alkawarin jingine jirgi ya shiga ruwa a lokacin, ya shiga ba inshora.

Abin da kika nace sai na saka kuma su ne waɗanda ban san da su ba. Kuɗin tsamo jirgi idan ya nutse, wanda kika tabbatar yana zaman kansa, ba daga cikin 22,000 ɗin za a yanke shi ba. Da diyyar malalar mai a ruwa. Kin ba ni labarin dokar tarayya ta 1990 da aka kafa bayan jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya malalar da mai a Alaska a 1989, kin ce dokar ba ta ware ƙaramin jirgi ba, mai shi ne ke da alhakin kwashe abin da ya zuba. Ga wanda ke shiga Galveston, inda ruwan ba zurfi, ga tudun kawa a ƙasa, ga igiyar ruwan da manyan jiragen dakon kaya ke tayarwa a hanyarsu ta zuwa tashar Houston, wannan ba zancen nesa ba ne. Sai janwe iri biyu, na ruwa da na titi. Yaronki ya ce janwen da ke cikin inshorar mota sau da yawa motar kaɗai yake ɗauka, ya bar maka jirgi a gefen hanya da boris a ƙone. Muka saka wanda ya haɗa da tirela.

Kin kuma karanta mini iyakar ruwan da aka yarda in shiga, kin ce ruwan ƙasar Meziko ba ya ciki. Kin ce idan 'yan'uwa suka haɗa kuɗin mai da na abinci don ra'ayin kansu, babu laifi, amma ranar da na yanka wa mutum kuɗin shiga, jirgin ya zama na haya, yana buƙatar lasisin hukumar tsaron gaɓar teku, takardata kuma ba ta san da wannan ba. Ina roƙon 'yan'uwa su riƙe wannan, domin na ji ana shawarar a riƙa "ɗan karɓar wani abu" a ƙarshen mako. Ɗana babba kuma, tunda bayan 1 ga Satumba 1993 aka haife shi, kika ce doka ta wajabta masa kwas ɗin tuƙin jirgi kafin ya riƙe sitiyari. Muka yi tare ni da shi, shaidar ta sa aka rage mana wani abu a kuɗin shekara.

Duk wannan magana ce a tebur. Ranar gwaji ta zo a watan Yuli 2024. Tun guguwar Beryl tana can nesa, saƙo ya shigo wayata daga ofishinku: a cire rumfa da duk abin da iska za ta ɗauka, a buɗe toshiyar ruwa ta baya, a sa wa tayoyi waigi, a ɗaure jirgin da tirelar, a ɗauki hoto ta kowane gefe. Kun tuna mana cewa da zarar guguwa mai suna, wato babbar da masu hasashen yanayi suka raɗa wa suna kamar Beryl, ta doso, kamfanoni kan dakatar da sayar da sabuwar inshora ko ƙara wani abu, don haka abin da ke hannu shi ne ke hannu. Guguwar ta sauka kusa da garin Matagorda da ke bakin teku da asubahin 8 ga wata, ta bi ta kanmu, gidaje da shaguna sama da miliyan biyu suka rasa wuta. Wani babban reshe na itacen maƙwabcina ya faɗo wa jirgin, ya farfasa gilashin gaba, ya lanƙwasa ƙarfen gefe, ya tsaga murfin inji.

Ofishinku ma ba wuta, amma kika amsa waya, daga cikin mota kina cajin ta. Abin da kika fara tambaya shi ne lafiyar iyali. Sannan kika tuna mini abin da kika riga kika faɗa tun ranar farko, cewa idan guguwa mai suna ce ta yi ɓarna, kason da nake fara biya daga aljihuna ba dala 500 da aka saba ba ne, kashi 5 cikin 100 ne na ƙimar jirgin, wato dala 1,100. Da ban sani ba tun farko, da a ranar na ji ciwonsa. Amma kin sa na sa hannu a gefen wannan layin tun lokacin, na kuma ware kuɗin. Hotunan da kuka ce a ɗauka su suka sauƙaƙa komai. Da mai kimanta ɓarna ya so ya saka wata tsohuwar tsaga a lissafin, ni na ce masa ba ta guguwa ba ce, kuma ke kika ce haka ya kamata. Da ya manta da wayoyin lantarkin da reshen ya tsinke a ƙarƙashin sitiyari, yarinyar nan taku mai gilashi ce ta gano a takardar makaniki, ta bi har aka ƙara. Kafin lokacin guguwa ya fita a ƙarshen Nuwamba, mun koma ruwa.

Ban ce ofishinku ne mafi araha a garin nan ba. Na ga farashin da ya yi ƙasa da naku a intanet, kuma ke ma kin ce in duba. Sai dai da na karanta shi da idon da kika buɗe mini, na ga babu tsamo jirgi a zaman kansa, kason guguwa kuma ya ninka nawa.

Roƙona ɗaya, Hajiya. Idan hali ya yi, kafin 1 ga Yuni da lokacin guguwa ke kamawa, ki ba mu wata Lahadi bayan Azahar, ki zo da yaran nan biyu, mu tara masu jirage da masu niyyar saye, kowa ya zo da takardunsa na gida da na mota ki bi su da biro kamar yadda kika yi mini. Wuri da shayi suna wuyana.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya yi wa kasuwa albarka, Ya raya zuri'a. Ki gaida Alhaji da yara.

Ɗan'uwanku,
mutumin Yawuri mazaunin Katy, Texas